Keken Tagwayen Ɗalhatu

Da Rauda ta haifi tagwaye, mijinta Ɗalhatu ya sayar da tumatirinsa a kasuwar Kwanar Gafan, ya nufi Kano sayen keken tura jarirai. Ɗan gwanjo ya nuna masa mai kujera gaba da baya.

Ɗalhatu ya ce, "Ka manta halin tagwaye? Wanda na saka a baya ai kunama zai turo min!"

Ya zaɓi mai kujeru kafaɗa da kafaɗa. Da ya iso gida, keken ya ƙi shiga ƙofar zaure. Ya ɗauko diga ya rushe zauren. Yana cikin kwashe ƙasa kunama ta harbe shi.

Uwarsa ta leƙo, ko sannu babu. "Zauren gadon tagwaye ka rushe. Ka nemi izininsu?"