Ranar da Kwamfutar Mushe Tukur Ta Hau Doki

Abin ya fara ne ranar Litinin ta farko a watan Mayu, lokacin da saƙon mai gari ya iso daga Lugu yana kiran iyalan marigayi Mushe Tukur zama ranar Alhamis a kan gonar kwari. Wani maƙwabcin gonar mai suna Hakim ya ce tasu ce tun kakanni. Abdulmajid, babban ɗan marigayin, wanda ke sayar da wayoyi da kwamfutoci a kasuwar Dogon Dutsi, bai taɓa riƙe hauya a wannan gona ba, amma ya riga ya zana gidan kajin da zai kafa a cikinta.

Hujjarsa guda ɗaya ce. Kowa a dangi ya san cewa a shekarar 1997 Mushe Tukur, da yake malamin lakkwal ne, wato makarantar boko inda ake kiran malami Mushe, kuma mai son rubutu, ya tara dattawa ya shigar da iyakokin gonakinsu cikin wata kwamfuta da wani aikin raya karkara ya tafi ya bari. Kwamfutar ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado. Da aka jona ta da wuta, sai ta yi ƙara sau ɗaya, ta fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ta bi mai ita.

Ranar Laraba da hantsi Salma, matar Abdulmajid, tana zaune a rumfar tsakar gida da sabuwar kwamfuta a gabanta. Ita ce ta yi karatun abin a Yamai. Shi sayarwa kawai ya iya, ko da yake a kasuwa ba a san da wannan bambanci ba. Ta ciro faifan tsohuwar ta kwashe duk abin da ke cikinsa, amma rubutun yana kulle a wata manhaja ta zamanin da, wadda babu na'urar yau da ke buɗe ta. Mafita ita ce emilater, wato manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar. Abdulmajid ya ɗauko kwamfuta mafi tsada a shagonsa, ya kuma tsaya a kan Salma yana ba da umarni.

"Ƙara mata memuwar, Maman Amira, wurin ajiya ya yi mata faɗi. Mashin ɗin nan jiga goma sha shida gare shi. Ba ta duka."

"Na ba ta, Abban Amira. Faɗuwa ta yi."

"Bon, to ƙara gudun. Kai shi maƙura. Ai ba rowa muke yi ba."

Salma ta shiga shafin saiti na can ciki, wanda ke ɗauke da gargaɗi da jan rubutu cewa kada wanda bai sani ba ya taɓa, ta kai gudun maƙura. Allon ya yi baƙi, sunan tsohuwar manhajar ya gifta kamar walƙiya, layin kuskure ya fito, komai ya tsaya. Karo na tara ke nan. Wutar lantarki kuwa a irin wannan zafi ba ta cika wuce azahar ba, kuma motar Lugu da asuba take tashi.

A kan tabarma, gefen randa, Gwaggo Balki tana tsinke zogale. Ita ce yayar marigayi, ta zo daga Lugu neman maganin ido. Tun tana budurwa aka san ta da hawan bori, saboda haka Abdulmajid ya karɓe ta bisa sharaɗin ba za a ambaci iskoki a gidansa ba, ya kuma ajiye mata rediyon wa'azi a bakin ƙofa. Da safe ta yi masa godiya, ta ce rabonta da barci mai daɗi irin wannan tun rasuwar mijinta.

"Ɗiyata, mi ne kuke ta dambe da shi tun safe?"

Salma ta yi mata bayani a taƙaice. Tsohuwar ta ajiye reshen da ke hannunta.

"Wato tsohuwar za ta shiga jikin sabuwar, ta yi magana da bakinta."

"Kusan haka ne, Gwaggo."

"To, ai hawa ne. Sabuwar ga doki ta."

"A'uzubillahi," in ji Abdulmajid. "Gwaggo, mun yi magana da ke. Wannan ilimi ne, ba tsafi ba."

"Na kira sunan wani ne, Majidu? Tambaya nike. Ɗiyata, mi kunka ba ta da ta zo?"

Salma ta dubi mijinta, sannan ta faɗi gaskiya: an ba ta wuri mai faɗin da ba ta taɓa gani ba, an ba ta gudun da ya ninka nata sau dubu.

Gwaggo Balki ta girgiza kai irin na wadda ta ga an zuba sukari a miyar kuka. "Kun cika ta. Tsoho in ya zo, ba a tarbonai da kayan zamani. Rigar da ya sani aka ba shi, da kiɗin da ya sani, a tafiyar da ya saba. In mai goge ya yi sauri, kā da doki kawai shi kai, ya tafi bai ce komi ba. Taku ba kā da dokin take ba?"

"Sau tara," in ji Salma, kafin ta tuna bai kamata ta amsa ba.

Salma ba ta yarda da bori ba, kuma tun zuwan Gwaggo take sa ta a addu'a bayan kowace salla. Sai dai maganar ta tuna mata da abin da wani malaminsu ya taɓa faɗa: akwai tsofaffin manhajoji da ke auna saurin na'ura kafin su tashi, idan saurin ya fi ƙarfin lissafinsu sai su rikice su faɗi. Ta yi bisimilla, ta koma shafin mai jan rubutu. Ta zaɓi irin ƙwaƙwalwar na'ura ta wancan zamani, ta sauke gudun har ƙasa, ta mayar da memuwar mega huɗu.

"Mega huɗu?" Abdulmajid ya rage murya kamar akwai abokin ciniki a bayan katanga. "A mashin ɗina? Ko hoton takalmi ba zai shiga mega huɗu ba."

"Baba bai ɗauki hoton takalmi ba."

Wannan karon sunan manhajar ya fito a hankali, harafi bayan harafi, ya zauna. Amma abin da ya biyo baya wasu tarkacen zane ne masu launin ruwan hoda da shuɗi, babu kalma ɗaya da za a karanta.

"Wace riga ta sako?" in ji Gwaggo, wadda daga inda take haske kawai take gani.

"Ruwan hoda."

"Ba tata ba ce. Ta Tukur baƙa ce da koren rubutu. Kullum sai ya ce tana sa mai ciwon kai."

Salma ta sauya katin allo zuwa mai launi ɗaya. Koren rubutu ya shimfiɗu a kan baƙi. Manhajar ta nemi kwanan wata, Salma ta ba ta na yau, ta ƙi karɓa. Ta sake, ta sake ƙi.

"Kada ki gaya mata shekarar da aka ciki," in ji Gwaggo, ta koma kan zogalenta. "Wanda ya daɗe bai zo ba, ba a fara mai da lissafin mutanen da sunka mutu."

Abdulmajid ya buɗe baki, ya duba agogo, ya rufe. Salma ta mayar da agogon emilater shekarar 1997. Jerin sunaye ya sauko, na uku a ciki GONAKI.

Abdulmajid ya janye kwamfutar gabansa, ya shiga karantawa da muryar da yake karanta sanarwa a masallaci. "Gonar kwari, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Ba ta gidan su Hakim ba ce. Mahaifin Hakim da kansa ya shaida haka a gaban mutum biyar." Ya yi kabbara, ya juya ga tsohuwar da fara'ar da bai nuna mata ba tun zuwanta. "Gwaggo, yau kaza za a yanka miki."

Ya mayar da ido kan allon don ya ci gaba, sai ya daina karantawa. Salma ta leƙa ta gefen kafaɗarsa ta karanta a zuci: "Gonar ta yayata Balki ce, rabonta daga wajen mahaifiyarmu. Aro ta ba ni in ciyar da yara. Ranar da ta nema, a mayar mata."

"Ka yi shiru, Majidu. Ta sauka ne?"

"An gama, Gwaggo. Iyakarsa ke nan."

Ya sunkuya kusa da kunnen Salma, ya koma Faransanci don kada tsohuwar ta ji, amma rabin maganar ya zame masa zuwa Hausa. A buga sakin layi na farko kawai. Sauran maganar cikin gida ce, ba ta gaban mai gari ba. Bayan haka kuma a mayar da gudun yadda yake da safe. Ai na'ura ce, ta saba faɗuwa.

"Da yatsa guda Tukur ke bugawa," in ji Gwaggo Balki, ba tare da ta ɗaga kai ba, kamar da zogalen take magana. "Shina bugawa shina karanta min. Ban dai sani ba ko waɗanga abubuwa na riƙe magana."

Ladan ya kira azahar. Abdulmajid ya miƙe da saurin da Salma ba ta saba gani ba, ya ɗauki hularsa, ya naɗe ƙafar wando, ya ce kada ta buga komai sai ya dawo sun yi shawara.

Salma ta zauna tana kallon koren rubutun surukinta. Fankar rumfa tana juyawa har yanzu, injin buga takarda yana kunne a ɗaki, da farar takarda a bakinsa. Ta yi tunanin fushin da za a yi a gidan nan, ta ƙiyasta zai kai mako biyu, wataƙila uku idan aka haɗa da kajin. Ta kuma yi tunanin cewa nan da ɗan lokaci za ta tsaya a kan dardumarta.

"Ɗiyata, tashi ki yi salla. Doki ba ya gudu."

"Yanzu, Gwaggo."

Ta adana saitin yadda yake, mega huɗu da shekarar 1997, ta sa masa kalmar sirri. Za ta buga shafin gaba ɗayansa kafin wuta ta tafi, kwafi biyu, ɗaya na Abdulmajid, ɗaya kuma za ta karanta wa Gwaggo Balki shi da ƙarfi sannan ta sa mata a hannu.