Hannuwan Kafinta

Mutumin da bai taɓa kuka da hukuncin Allah ba, amma ya daina roƙonsa, mai haƙuri ne ko mai fushi? Shi kansa kafintan bai sani ba.

Tun da aka binne autarsu unguwa ke yabonsa. Ko hawaye bai zubar ba. Da kansa ya sa ta a kabari, ana tashi daga zaman makoki ya koma shago yana goge katako. Sahun gaba ba ya wuce shi, har liman na kafa misali da shi. Abin da ba wanda ya lura shi ne, da an sallame sai ya dafa gwiwa ya miƙe. Lokacin jinyar yarinyar ya ɗaga hannuwan nan yana addu'a har kafaɗunsa suka ƙage, ta tafi. Tun ranar ya sauke su.

Matarsa kaɗai ta sani. Yanzu ita ce kwance a asibiti, ƙoda ta ƙi aiki, ƙafafu sun kumbura suntum. Bayan la'asar likita ya ja shi baranda ya ce saura addu'a.

"Malam, me likitan ya ce?" ta tambaya da ya dawo.

"Ya ce a ci gaba da magani."

"Ƙarya ba ta karɓe ka ba, sai ƙifta ido kake. Roƙa mini sauƙi."

"Allah ya san gadon da kike kwance. Ba sai na nuna masa ba."

"Gaba kake yi da shi ke nan."

"A'uzubillahi! Kin taɓa ganin na yi fashin salla?"

"Ni ma ai ka taɓa yi mini irinta. Cefane ba ya yankewa, amma kwana da kwanaki ko uffan. Ban kira wannan haƙuri ba."

Ya zuba wa ledar ƙarin ruwa ido, tana ɗiga a hankali. Tsoro yake ji. Idan ya roƙa aka sake hana shi, bai san abin da zai fito daga bakinsa ba. Da shirun nan yake tsare ɗan imanin da ya rage masa.

"In na roƙa aka hana ni fa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To an hana ka. Ni ban ce sai an ba ka ba."

Ta yunƙura za ta ɗaga nata hannuwan. Hannun da ke da allura ya ɗan tashi, ya faɗi kan zanen gado.

"Ka gani, nawa sun ƙi. Ara mini naka mana, mai rowa."

Ya dubi tafukansa, duk kanta, garin katako maƙale a farata. Mai jinyar gadon kusa ta kau da kai. Ya gyara zama a bakin gadon, ya ɗaga su a hankali har daidai ƙirjinsa.

"Ya Allah," ya ce.