Shaidar Kofur

"A hankali, Tela! Ba buhun gawayi kuka ɗauko ba," in ji Kofur daga kan kujerar da suka tallabo shi a kai.

Tela ya goge gumi da kafaɗa. Shi da Direba ne ke hawa da Kofur matakalar ofishin ajiyar takardun soja, hawa biyu cur. Shekara ashirin bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkinsa da ɗakin Kofur, bai taɓa jin ya roƙi komai ba sai jiya.

Bayansu Goggo mai kayan miya ce ke tafe tana dafa bango. Saboda ita aka zo. Tana cikin mahaifiyarta aka tafi da ubanta, Dogo, yaƙin Turawa, bai dawo ba. Makon jiya jikarta ta nemo sunansa a littafin sojoji, ta tarar an rubuta ya tsere daga bakin daga. Tun ranar Goggo ba ta fita kasuwa ba. Da labari ya kai kunnen Kofur, wanda wata uku ke nan ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, sai ya ƙwanƙwasa bango da sanda.

"Gobe ka kai ni," ya ce wa Tela.

"Baba, likita ya hana ka motsi."

"Likitan yana wurin aka yi?"

Akawun ofishin wata matashiya ce mai tabarau. Ta ɗauko wani ƙaton littafi da gefensa ya zama ruwan ƙasa, ta buɗe da yatsa biyu.

"Karanta mini, 'yata," in ji Kofur.

"Lamba dubu huɗu da ɗari biyu da sittin. Ɗan ɗaukar kaya. Ya tsere."

"Ƙarya ce."

Muryar ta fito da ƙarfin da Tela bai san ya rage masa ba. Masu zaune a benci duk suka waiwayo.

Kofur ya ɗage rigarsa, ya nuna wani tabo mai zurfi a ƙasan haƙarƙari. "Wannan a bakin kogi na same shi. Ana ruwan harsashi, kowa na ta kansa. Dogo ko bindiga ba a ba shi ba, akwatin magani yake ɗauka. Ya ajiye akwatin, ya goya ni kamar jariri, ruwa har wuyansa, ya tsallakar da ni. Ya koma ya ɗauko na biyu. Ya koma na uku. A na ukun ne ruwa ya tafi da su. Da idona na gani. Baturen da ya rubuta wannan yana can cikin tanti, nisan yini guda. Da ya ƙirga bai ga mutum ba, bai ga gawa ba, sai ya sa abin da ya fi masa sauƙi."

Goggo ta rufe baki da gefen mayafi.

"Baba, doka ta hana a goge tsohon rubutu," in ji akawun a hankali. "Amma idan akwai shaidar gani da ido, ana rubuta ta a manne a shafin. Duk wanda ya buɗe zai gani."

"To rubuta. Ki yi da manyan baƙi, masu karatun ma tsufa za su yi."

Ta rubuta, ta karanta masa, ya gyara mata sunan kogin har sau biyu. Da ta turo tawadar dangwale sai ya ture.

"Biro. Soja ne ni."

Ya rubuta sunansa har ƙarshe. Sannan ya miƙe wuya, ya sara wa littafin. Tela bai san lokacin da shi ma ya tsaya ƙyam ba.

A mota Goggo ta riƙe hannun tsohon. "Baba, wa ya yi kama da shi?"

"Ke mana. Har taurin kan."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Kwana huɗu Kofur ya ƙara a duniya. Ran na biyar da hantsi 'yarsa ta leƙo shago ta ce Baba ya rasu, Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Layin ya cika maƙil da masu zuwa jana'iza. Wani baƙo ya tambayi Goggo ko 'yar'uwar mamacin ce, ta ɗaga kai ta ce, "Ubana ne ya goya shi a yaƙi."

Tela aka ba ɗinkin likkafani. Ya yanko farin yadi yadda ya saba ganin mutumin a ransa, dogo, ƙaƙƙarfa. Da ya shiga ɗaki ya gwada, sai ya ga ashe Kofur ɗan ƙaramin mutum ne. Ya rage kamu biyu, ya ninke ragowar, ya daɗe zaune da ita a kan cinyarsa.