Minjiryar Abarci a Bakin Rijiya

Abarci ya je Katsina sau ɗaya a rayuwarsa, da ayarin kanwa, kuma abin da ya ɗauke masa hankali duk garin shi ne wata bishiyar minjirya da ya gani a bayan wani gida, babu ganye ko ɗaya, sai fure ja wur. Abokan tafiya suka komo ƙasar Dakoro da turmin zane da goro, shi kuwa ya komo da reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya dasa shi a gindin fasasshiyar randa, ya shekara uku yana jiran ya sake ganin jan nan kafin idonsa ya ƙarasa dushewa.

Sai aka yi rani mai tsanani. Rijiyar garinsu ta ja baya, Ɗangoggo mai tsaron rijiya ya kafa doka: ruwa na mutum ne da dabba, kuma dabba a bakin kwamin shayarwa za ta sha, ba a kai mata gida. Abarci ya je da tulunsa na biyu, aka tsayar da shi.

"Baba Abarci, wanga tulu na wa?" in ji Ɗangoggo.

"Na iccena."

"Mi yaka haihwa? Ana cin ɗiyanshi?"

"Hure yaka yi."

"Ana miya da huren?"

"Kallo nai aka yi."

Ɗangoggo mutum ne mai son doka fiye da tuwo, amma yana jin nauyin tsoho. Ya sosa ƙeya, sannan ya yanke cewa daga yau iccen nan akuya ne. Aka tsaga masa shaida a ɓawo, tunda ba shi da kunne, aka ɗaura masa igiya. Tunda kuwa akuya ce, dole ta zo kwami kamar kowace akuya.

Haka Abarci ya shiga ɗaukar randa a ka kowane hantsi, ya bi layi bayan shanun Samba makiyayi, gaban raƙuman Buzaye. In an zo kansa ya sauke, a kwara wa akuyarsa ruwa rabin wasaki. Mutane suka saba. Mata na tambayarsa ko ta kwana lafiya, Samba ma ya taɓa duba ta da kyau ya ce ta rame, a ƙara mata dussa. Wuyan Abarci ya sandare, ƙaya ta tsattsage masa hannu, bai damu ba, don a ƙarshen reshe na sama wani toho ya fito, kullum yana ƙara kumbura.

Ran wata Talata ya duba da safe, tohon na nan a rufe. Ya ɗora randa a ka ya kama hanya. Rana ta yi zafi, layi ya yi tsawo. Can sai ya lura hayaniyar bakin rijiya ta mutu. Masu jan wasaki sun saki igiya, Samba ya jingina da sandarsa baki buɗe, kowa na kallon saman kan Abarci.

"Baba, akuyarka ta haihu," in ji Ɗangoggo a hankali.

Abarci ya kai hannu zai sauke, amma wuyan ya ƙi, randar kuma ta yi nauyi.

"Ku kama mani. Samba, kama mani in gani."

Samba ya yar da sanda ya nufo shi. Raƙumin da ke bayan Abarci ya fi shi kusa. Ya miƙo wuya, ya lanƙwasa leɓe ya tsinke furen, Abarci ya ji randar ta ɗan girgiza kawai. Da aka sauke ta, reshe ne tsirara.

Aka yi shari'a nan take. Raƙumi ya cinye ɗan akuya, don haka mai raƙumi ya biya ɗan akuya, na gaske, mai ƙafa huɗu. Aka danƙa wa Abarci igiyarsa, mutane na yi masa barka da samun riba. Shi ko kallon ɗan akuyar bai yi ba. Baƙin ciki ya cika shi, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Ja ne? Ja ƙwarai?"

"Ja ne, Baba," in ji Samba. "Ban taɓa ganin irinai ba."

Abarci ya matsa gaban raƙumin, wanda ke tuƙa abinsa hankali kwance. A gefen leɓensa na ƙasa wani ɗan ɓallin fure ya maƙale, bai kai farce ba. Tsohon ya yi ɗage, ya kare rana da tafin hannu, ya ƙura wa ɓallin ido, ya ce kada kowa ya ba raƙumin ruwa tukuna.