Tarakta Ɗaya, Makanikai Biyu

Inna ce ta yanke hukunci ranar Litinin. Ta ce idan taraktar Baba ba ta tashi ba zuwa azahar ɗin Asabar, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ya kwashe ta, ta samu wurin shanya. Tun rasuwar Baba taraktar take zaune a bayan gida, kaji sun mai da kujerarta wurin ƙwai. Tsohuwa ce mai shan fetur, ta girme ni, kuma ban ƙi a sayar da gadona ba a kan a taɓa ta.

Yayyena biyu duk makanikai ne, a bakinsu. Matsalar ita ce shekara uku ba sa magana da juna, a kan wata sifana mai lamba goma da ta ɓata. Don haka suka raba aiki, Babban Yaya da safe, Ƙaramin Yaya da yamma, ni kuma 'yar aike da aurena da 'ya'yana biyu.

Babban Yaya ya fara da abin da ya kamata. Ya ɗora sabon batir, ya zubar da tsohon fetur da ya koma kamar shayi, ya kwance fulogi huɗu ya goge baƙin da ke bakinsu. Sannan ya jera wayoyin fulogin yana rera karatun da Baba ya koya musu: "Ɗaya, uku, huɗu, biyu." Daga nan ya kama wata 'yar ƙusa a jikin kafireta, inda mai ke bi, ya ɗaure ta tam, domin shi a duniya bai yarda da abu mai sako-sako ba. Ya murza makulli. Tarakta ta yi tari sau uku, ta girgiza, ta mutu.

"Je ki gaya wa wancan," in ji shi, "kada ya taɓa min aiki."

Da yamma na gaya wa wancan. Ƙaramin Yaya ya leƙa kafireta ya yi tsaki.

"Ya shaƙe ta! Ta ina mai zai wuce? Ke, in an toshe miki maƙogwaro za ki yi gudu?"

Ya sassauta ƙusar zagaye ɗaya da rabi. Sai ya dubi wayoyi, ya kama kai, ya cire su duka ya sake jerawa, shi ma yana rera ɗaya, uku, huɗu, biyu. Da ya murza makulli, salansa ta saki wata ƙara kamar bindiga. Kaji suka watse, maƙwabcinmu tela ya fito da almakashi a hannu yana tambayar wa aka harbe.

Haka muka yi kwana huɗu. Safiya tari, yamma bindiga. Tela ya daina fitowa, sai dai ya leƙo ta taga ya ce Allah ya ba mai ciwo lafiya.

Ranar Juma'a na lura da abin da ke faruwa, don ni kaɗai ke kallon aikin kowa. Karatunsu ɗaya ne, wurin fara ƙirga ne ya bambanta. Babban Yaya daga gaban inji yake farawa, wajen fanka, inda yake tsayawa yana miƙa wa Baba kayan aiki. Ƙaramin Yaya kuwa a kan kujera ya koyi nasa, a cinyar Baba, don haka daga baya yake ƙirgowa. Na gaya wa kowannensu. Kowa ya ce in je in gaya wa ɗayan. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan fara rufewa da duka.

Asabar mai gwangwan ya iso tun kafin azahar, da motarsa da sarƙa. Babban Yaya ya gama nasa na safe, yana tsaye yana share gumi. Ƙaramin Yaya da ya ga mota ya rugo ba lokacinsa ba, ya sassauta ƙusar kafireta, ya miƙa hannu zai fizge wayoyi.

"Kai, jaki! Sauke hannunka daga nan!"

"Ni ne jaki, Yaya? Kai da ka shaƙe ta kwana biyar?"

Suka kaure, hanci da hanci. Ni kuwa na ga wayoyi daidai, ƙusa daidai, ba hannun kowa a kai. Na tattare zanina, na ture kaza, na haye kujera na murza makulli. Ta yi tari ɗaya, ta tofar da baƙin hayaƙi a fuskar mai gwangwan, ta kama, tana bugawa sumul ba tsallake.

Yayyena kuwa kowa ya fara ihu cewa gyaransa ne.

Inna ta fito da kwandon wanki a hannu, ta tsaya. Na zaci faɗa za ta yi a kan hayaƙi. Sai ta ajiye kwandon a ƙasa, ta zauna a bakin ƙofa.

"Hajiya, in ɗaura sarƙa?" in ji mai gwangwan.

Ba ta ko dube shi ba. Ƙaramin Yaya ya matso zai kashe inji don kada mai ya ƙare.

"Bar ta," in ji Inna, tana goge ido da bakin mayafi. "Shekara talatin, da wannan ƙarar nake sanin babanku ya kusa gida. Ku bar min ita har man ya ƙare."