Sabon Birkin Jalal

Duk unguwar ta san ranar da Jalaluddeen ya sauya wa motarsa faifan birki, domin bai bar kowa ya huta ba. Motar ja ce mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, cikinta har yana neman shafar ƙasa, irin wadda ba ta da wani amfani a Kazaure in ban da firgita awaki. Ko buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Amma ka kuskura ka dafa ta da hannu mai maiƙo, sai ka rantse idon Jalal ka tsokane.

Takanas ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo sababbin, manya masu huji-huji, suna ƙyalli kamar sabon faranti. Da kansa ya ɗaura su a ƙofar gida. Ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayoyin gaba, ya ciro tsofaffin da suka cinye suka yi tsatsa, yana ta yi wa duk wanda ya gifta bayanin da ba a tambaye shi ba. Wai hujin yana fitar da zafi. Wai yanzu komai gudun da yake yi, in ya taka, motar za ta tsaya cak kamar an kafe ta. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ta jawo komai.

Yayarsa Sadiqa malamar makaranta ce. Ita ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta tsani motar nan har zuciyarta, don kullum gani take ita za ta raba ta da ƙaninta. Amma washegari tana da barka a Roni, shi kuwa ya nace sai ya kai ta.

Tana shiga ta ji ƙafarta ta daki ƙarfe.

"Auta, wannan wane tarkace ne a ƙarƙashin ƙafata?"

"Tsofaffin faifan ne, Yaya. Wani maƙeri a Roni ya ce yana so."

"To ni ce but ɗin motarka? Dubi bakin zanina yadda ya koma."

Dariya kawai ya yi, ya ja mota. Hantsi ne, damina ta yi nisa, dawa ta rufe gonaki dama da hagu. Suna barin gari ya gyara zama, ita kuwa ta san wannan gyaran zaman.

"Jalal, kar ka fara."

"Yaya, sabon faifai sai an gasa shi. A zuba gudu, a taka, a sake zubawa, har ya saba."

"Ka gasa shi ranar da ba na ciki."

Ina! Ya riga ya danna. Ya taka, kanta ya yi gaba. Ya sake zubawa, ya sake takawa, tana salati tana zaginsa a lokaci guda. Abin da Jalal bai taɓa tunani ba, da duk karatunsa a kan birki, shi ne hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Motocin da ke binta birkinsu sai an buga an sake bugawa ana addu'a.

Ranar kasuwa ce. Suka cim ma wata tsohuwar akori-kura ɗauke da wani ƙaton farin sa, wani dattijo mai malafa da wani jibgegen mutum suna zaune a gefe riƙe da igiyarsa. Jalal ya shige su fuu, ya sha kwanar da ke gindin dutse, ya gangara, sannan ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Motar ta tsaya cak a tsakiyar titi, ƙaurin ƙarfe ya cika ciki.

"Kin gani? Yaya, don Allah kin gani?"

"Na gani. Matsa daga tsakiyar hanya!"

Ba ta rufe baki ba akori-kurar ta ɓullo daga kwanar. Direban ya buga birki, ba komai. Ya murɗa kan motar, ta daki bayan jar motar ta juya ta kamar ƙwarya, ita kuma ta hau kafaɗar titi ta kifa. Sadiqa ta ga farin san nan a sama, ƙafafu huɗu a iska, ya wuce su ya faɗi a cikin kwalbatin da ke gabansu. Ƙarar faɗuwarsa ta fi ta ƙarafan muni.

Jalal ya fito yana tangaɗi, ya zagayo ya fizge ƙofarta. Tsohon faifai ɗaya ya zame ya faɗo kan kwalta.

"Yaya! Kin ji ciwo?"

Ba ta ji ba, in ban da leɓe da ya fashe. Ta fito tana riƙe da ƙofa. A bayansu, can cikin kwalbatin, san yana wani irin gurnani, ƙafafun gaba sun karye, ƙaho ɗaya ya fita, jini na zuba ta hanci.

A lokacin ne dattijon ya taso daga wajen akori-kurar. Sunansa Na'Allah, makiyayi ne daga wata ruga da ke kusa, kuma san nan shi ne mafi girma a garkensa. Malafar ta faɗi, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa rabin fuska. Ya zaro wuƙa daga kube, ya nufo su a guje yana ɗingishi.

"Matsa! Matsa!"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da mai dabba ke yi da wuƙa idan dabbarsa ta faɗi. Sauri yake ya yanka ta tun da sauran numfashi, kar ta mutu mushe. Jalal ma ya sani, ya sha gani. Amma tsoro ya shafe masa komai. Abin da ya gani kawai shi ne mutum da wuƙa tsirara yana nufo yayarsa.

Sadiqa ta kalli idon dattijon, ta ga ba su yake kallo ba, can bayansu yake kallo.

"Jalal, a'a! Sa zai..."

Ya riga ya sunkuya ya ɗauki faifan da hannu biyu. Ya juya da shi da dukan jikinsa, bakin ƙarfen ya samu Na'Allah a gefen kai, sama da kunne. Sautin bai yi ƙarfi ba, kamar an fasa kabewa. Dattijon ya yi taku ɗaya, gwiwoyinsa suka saki, wuƙar ta yi tsalle ta tsaya a gaban ƙafar Sadiqa.

Jalal ya tsaya da faifan a hannu, baki buɗe, kamar yana jiran wani ya gaya masa abin da ya faru.

Jibgegen nan ɗan Na'Allah ne, Daudu. Ya fito daga ƙarƙashin akori-kurar daidai lokacin da ubansa ke faɗuwa. Bai yi ihu ba. Sandarsa kawai ya ɗauka ya taho. Dukan farko ya sauka a hannun Jalal, ƙashi ya yi ƙara, faifan ya faɗi. Na biyu a baki, haƙora suka watse a kwalta. Jalal ya kife, Daudu ya bi shi yana narka masa sandar a haƙarƙari, a baya, a duk inda ta samu.

'Yan acaɓa masu zuwa kasuwa suka fara tsayawa. Ba wanda ya tambayi ba'asi. Sun ga dattijo kwance cikin jini, sun ga jar mota ta 'yan gari, shi ke nan. Dutse ya tarwatsa gilashin gaba. Wani ya hau kan motar yana tsalle, wani yana cewa a kawo ashana. Masu ƙafa suka kewaye Jalal suna kai masa shuri ta tsakanin dukan Daudu.

Sadiqa ta kutsa ta faɗa a kan ƙaninta. Sandar ta sauka a kafaɗarta, ta ji hannun ya mutu. Wani ya finciko ta ta mayafi ya jefar gefe.

"Malama, ki fita, ba ruwanki!"

"Ƙanina ne! Ku ji tsoron Allah, shi kaɗai gare ni!"

Ko kallonta ba su yi ba. Ta tabbata kashe shi za su yi a gabanta, kuma ba ta da ƙarfin hana ko mutum ɗaya.

Inda ta faɗi kusa da Na'Allah ne. Ta ga bakinsa na motsi, ta rarrafa ta ɗora kansa a cinyarta. Jini mai ɗumi ya jiƙa mata zani nan take.

"Sannu, Baba. Sannu."

"San..." Muryar da ƙyar take fita. "'Yata, san nan... kar ya tafi a banza. A yanka."

Ta ɗaga kai ta dubi kwalbatin. San yana nan yana jan numfashi, amma gurnanin ya yi ƙasa. Ta dubi wuƙar da ke kan kwalta. Ta ajiye kan dattijon a hankali, ta ɗauke ta, ta tashi.

Abin da ta yi, mai hankali ba zai yi ba. Ta ratsa mutanen, ta tsaya tsakanin Daudu da Jalal, ta miƙa wa Daudu wuƙar ta ƙota.

"Babanka ya ce ka yanka san. Zai mutu mushe kana nan kana dukan mutum!"

Daudu ya saki sandar ya karɓi wuƙar. Ya dubi Jalal da ke kwance a ƙafarsa, wuya a buɗe, yana tarin jini. Ya daɗe yana kallonsa. Sadiqa ba ta matsa ba.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Wallahi da bakinsa. Ka saurara, ba ka ji numfashin san ya canza ba?"

Daudu ya juya kai ya saurara. Sai ya zabura ya yi kwalbatin.

"Ku kama mini! Ku kama ƙafar baya!"

Sa irin wannan mutum ɗaya ba ya juya shi, ko da karyayye ne. Taron ya bi shi gaba ɗaya. Masu shuri suka koma masu jan igiya, wannan ya danne ƙaho, wancan yana nuna gabas yana cewa a ƙara juyo shi. Duk suka ba titi baya.

Sadiqa ta koma ta ɗauki kan Na'Allah. Idonsa a buɗe yake.

"Baba, ga shi can za a yanka. Ɗanka ne da kansa."

Ya ɗan matse mata yatsa. Ya ja wani dogon numfashi, ta yi ta jiran ya sake ja, bai ja ba. Ta kira shi a hankali, ta taɓa wuyansa. Ta yi masa kalmar shahada a kunne, hawaye na sauka a gemunsa, don har ranta ta ji mutuwar bawan Allahn nan da bai yi musu komai ba. Sannan wani tsoron ya taso ya danne kukan. In Daudu ya juyo ya gane, wuƙar tana hannunsa.

Mutum ɗaya ne bai sauka kwalbatin ba, wani ɗan acaɓa mai furfura da ke zaune a kan babur ɗinsa. Ta gane shi, Sama'ilu ne, 'ya'yansa mata a ajinta suke. Ta yafito shi da ido.

"Malam Sama'ilu, don girman Allah ɗauke shi. Kai shi wajen 'yan sanda a Roni, ka gaya musu duk abin da ya yi. Kar ka tsaya ko'ina."

Sama'ilu ya dubi fuskar dattijon, ya dube ta. Ya gane.

"Ke fa, Malama?"

"In na tashi za su juyo. Tafi."

Ya ciccibi Jalal ya ɗora a gaba kamar buhu, ya tura babur ɗin da ƙafa ya bi gangara, bai tayar ba sai da ya yi nisa. Sadiqa ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da magana da ƙarfi yadda na kwalbatin za su ji.

"Sannu, Baba. Yanzu za a kai ka asibiti. Ka ji? Sannu da ƙoƙari."

Tana share masa jini da bakin mayafi, tana gyara masa wuyan riga, tana satar kallon hanya. Babur ɗin yana ta ƙanƙancewa, amma hanyar a miƙe take, ya ƙi ɓacewa.

Daga kwalbatin aka yi bisimilla da kabbara. Kowa na jiran ya ga ko da sauran rai. Sai jini ya yi tsartuwa, san ya harba ƙafar baya har ya ture mutum. Aka ɗauki hamdala.

Daudu ya hauro titi, jini har gwiwar hannu, wuƙar na ɗiga. Fuskarsa ta sake, har da ɗan murmushi. Bai ma nemi Jalal ba, wajen ubansa ya zo ya durƙusa.

"Baffa, an samu. Ya harba ƙafa sosai, kowa ya gani. Baffa?"

Sadiqa ta ɗaga ido ta dubi hanya. Babur ɗin ya sha kwana can nesa, babu shi. Ta zare mayafinta, ta rufe wa dattijon fuska, ta zauna tana kallon wuƙar.