Maɓallin da Ya Danna Kansa

Gazali ɗan Tambuwal ne, mai rubuta manhajar waya. Yana da basira, kuma ya san yana da ita, wannan shi ne ciwonsa. Ƙungiyar masu babura da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan Kebbe ta ba shi aikin gina mata shafi a manhajar waya. Mai neman taimako zai aiko kira, kiran ya fito a wayar Ruwaida, mai raba wa mahaya aiki. Idan an kai mutum asibiti, sai ta danna maɓallin "An ɗauko", kiran ya ɓace.

A wannan sana'a akwai wata 'yar alama mai kama da kibiya da ake sawa a gaban umarni. Aikinta ta riƙe umarnin har sai yatsa ya taɓa maɓalli. In babu ita, da an buɗe shafi umarnin zai zartar da kansa. Gazali ya san haka sarai. Amma ya riga ya yi wa shugabannin ƙungiya alkawarin gamawa kafin taronsu, sai ya manta da kibiyar, kuma bai gwada ba. Ya ce gwaji na masu koyo ne.

Da damina maciji ya sari Haliru a gonar gero, can bayan Kebbe. Matarsa Batula ta aika kira, wayar ta nuna mata an karɓa. Saboda haka ta hana 'yan'uwansa ɗora shi a amalanke, ta ce babur na tafe. A Tambuwal, Ruwaida ta buɗe shafi, maɓallin ya danna kansa, kiran ya ɓace, ba ta ga komai ba. Su Batula suka yi ta sauraren ƙarar babur har Haliru ya cika.

Bayan sadakar uku, da aka gane daga shafin matsalar take, Sambo mahaifin Haliru ya zo har shagon Gazali. Bai yi faɗa ba. Ya ce a nuna masa abin da ya lalace. Gazali ya buɗe kwamfuta, ya sa kibiyar a gurbinta, ya ce yanzu ya gyaru.

Tsohon ya duƙa ya daɗe yana kallon alamar.

"Wanga ɗan abu shi ɗai ne, ɗana?"

"Shi ne, Baba."

"To. Batula ta daina cin abinci, cewa takai ita ta kashe shi da jira. Tashi mu tai Kebbe ka gaya mata da bakinka."

Gazali ya rufe shago ya hau bayan babur, suka nufi Kebbe.